Linzami Mai Ƙwallo: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Sayi Tirakbol

Duk wanda ya riƙe wayar BlackBerry a zamanin da take tashe zai tuna da ɗan ƙwallon nan da ke ƙasan fuskarta, wanda ake murzawa da babban yatsa don hawa da sauka. Zai kuma tuna ranar da ƙwallon ya cije saboda dauɗa, yana hawa amma ya ƙi sauka, har sai da aka kifa wayar aka yi ta goga shi a kan farar takarda. Wannan ɗan ƙwallo, wanda kamfanin ya sa wa samfurin Pearl a shekarar 2006, ƙaramin tirakbol ne. Ke nan mutane da yawa sun taɓa amfani da irin wannan na'ura, sun ɗanɗani daɗinta da matsalarta, ba tare da sun san sunanta ba.

Tirakbol linzamin kwamfuta ne, ɗan'uwan maus ɗin da kowa ya sani. Bambancinsu shi ne, maus jikinsa gaba ɗaya ake ja a kan tebur kafin kibiya ta motsa a fuskar kwamfuta. Shi kuwa tirakbol yana zaune wuri ɗaya, ƙwallon da ke jikinsa ake juyawa da yatsu. A cikinsa akwai ɗan ido mai haske da ke kallon ƙwallon, yana ɗaukar hoton ɗige-ɗigen jikinsa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, ya lissafa inda aka juya shi, ya sanar da kwamfuta. A jikin kwali da shafukan sayayya, Trackball ake rubutawa, kuma da wannan sunan ake nemansa.

Ba sabon abu ba ne, ya ma girmi maus. Wani injiniya mai suna Ralph Benjamin ne ya ƙirƙiro shi a 1946 lokacin da yake wa rundunar sojan ruwa ta Birtaniya aikin na'urar rada, aka ɓoye shi a matsayin sirrin soja. A 1952 injiniyoyin Kanada suka ƙera nasu don tsarin DATAR, suka yi amfani da ƙwallon wani wasa da ake yi a ƙasarsu. Maus na Douglas Engelbart sai a 1968 aka nuna wa jama'a shi. Laftof ɗin Apple samfurin PowerBook na 1991 da tirakbol ya zo, kafin ɗan faifan shafawa ya ture shi a 1994. Har yau bai bar wuraren aiki ba: wanda ya taɓa leƙa na'urar sikanin a asibiti zai ga ƙwallo a tsakiyar madannanta, da shi ma'aikacin yake auna abin da ke cikin hoton.

Me zai sa mutum ya bar maus?

Dalilai biyu ne masu ƙarfi, wuri da hannu.

Maus yana bukatar fili mai shimfiɗa. Yawancinsu sukan rikice a kan teburin gilas, a kan katifa ko tabarma kuwa sai kibiya ta riƙa tsalle. Tirakbol ba ruwansa da abin da ke ƙarƙashinsa, tunda idonsa ƙwallo yake kallo ba tebur ba. Ɗalibin da ke aiki da laftof a kan gado, da mai shagon buga takardu da teburinsa ya cika da firinta da fayil-fayil, da mai haɗa bidiyo da ya jera fuska biyu ko uku, duk fili daidai girman tafin hannu ya ishe su.

Batun hannu shi ne ya fi jawo mutane, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Mai aiki da maus awa shida ko takwas a rana yana karkata wuyan hannunsa hagu da dama sau dubbai, ko kuma ya miƙa hannu can gefe, bayan madannan lissafi na kibod, kafaɗa tana ɗauke da nauyin. Tirakbol yana tsayar da wannan zirga-zirga. Ana ajiye shi dab da kibod, gwiwar hannu tana kusa da jiki, wuyan hannu ya huta. Sai dai aikin bai ɓace ba, wuri ya sauya. Abin da kafaɗa da wuyan hannu suke yi a da, yanzu yatsu ne za su ɗauka. Wanda ciwonsa a gindin babban yatsa yake, kamar yadda yake faruwa ga masu yini suna latsa waya, idan ya sayi tirakbol ɗin da ake juyawa da babban yatsa, an gudu ne ba a tsira ba. Kuma duk wanda yatsunsa ke yin sanyi ko mutuwa, ko ciwon hannu ke tashinsa daga barci, likita ya kamata ya fara gani kafin mai shago. Tirakbol kayan aiki ne, ba magani ba.

Saboda haka tambayar farko a wajen zaɓe ba sunan kamfani ba ce, ba yawan madannai ba ce. Tambayar ita ce: wane yatsa ne zai yi aikin?

Na babban yatsa da na sauran yatsu

Tirakbol na babban yatsa kamarsa ɗaya da maus mai ƙiba. Ana ɗora tafin hannu a kansa yadda aka saba, manuniya a kan madannin hagu, yatsan tsakiya a kan na dama, ƙaramar tayar gangara shafi tana tsakaninsu. Abu ɗaya ne sabo, ƙwallon da ke gefen hagu a ƙarƙashin babban yatsa, wanda faɗinsa galibi milimita 34 ne. Wannan kamanni shi ne babban amfaninsa. Hannu bai sake koyon danna ko gangarawa ba, abu guda kawai zai koya, don haka sabawa da shi ta fi sauri. Logitech M575 da MX Ergo da Elecom EX-G duk 'yan wannan gida ne.

Rauninsa kuma daga nan ya fito. Yatsa ɗaya ne ke ɗauke da duk motsin kibiya, kuma babban yatsa ya fi iya motsin lanƙwasa, ba miƙaƙƙen layi ba. Mutum zai lura cewa jan kibiya daga sama zuwa ƙasa a miƙe yana masa wuya, sai ta riƙa karkacewa. Ƙaramin ƙwallo kuma ba ya tafiya da nisa a juyi ɗaya, sai an yi ta ɗagawa ana sakewa idan fuskar kwamfutar babba ce. Sannan kusan dukkansu na hannun dama ne. Bahago sai ya nemi samfurin hagu na EX-G, wanda Elecom ke yi, ko ya koma ɗaya gidan.

Na sauran yatsu ƙwallonsa a sama yake, ko a tsakiya ko ɗan gefe, ana juya shi da manuniya da yatsan tsakiya, wani lokaci har da na ukun. Ƙwallon ya fi girma, daga milimita 40 zuwa 55 ko sama da haka. Aikin ya rabu tsakanin yatsu biyu ko uku, kuma ana iya miƙa ƙwallon daga wannan yatsa zuwa wancan ba tare da kibiya ta tsaya ba. Babban ƙwallo yana da nauyi, idan aka wulwula shi da sauri zai ci gaba da juyawa shi kaɗai, kibiya ta tsallaka fuska biyu, sai a taɓa shi ya tsaya. Idan kuma aikin na tsanaki ne, kamar gyaran gefen hoto, girman ƙwallon yana ba da damar a motsa shi kaɗan-kaɗan.

Kuɗin wannan daɗin shi ne a sake koyon komai. Danna hagu ya koma babban yatsa, danna dama ya koma ƙaramin yatsa ko na kusa da shi, gangara shafi kuma kowane kamfani da hanyarsa. Kwanakin farko mutum zai ji kamar an ba shi alƙalami a hannun da bai saba ba. Amma akwai wata riba da ba a cika ambata ba: da yawa daga cikinsu, kamar Kensington Expert Mouse da SlimBlade da Orbit da Logitech Trackman Marble, hagu da damansu iri ɗaya ne. Wanda hannunsa na dama ya gaji zai iya mayar da na'urar gefen hagu ya ci gaba da aiki. Ga mai ciwon hannu, wannan kaɗai ya fi duk wani madanni da za a ƙara masa.

Idan za a yanke hukunci a taƙaice, wanda ƙarancin wuri ya dama, ko mai yawo da laftof a jaka, na babban yatsa ya fi masa. Wanda ke zaune a tebur ɗaya yini guda, musamman idan hannu ya fara yi masa magana, ya daure ya koyi na sauran yatsu.

Abin da ƙwallon ke zaune a kai

Wannan shi ne ɓangaren da ba a gani a hoton talla, alhali shi ke sa a so na'urar ko a jefa ta cikin durowa. Idan aka cire ƙwallon aka leƙa ramin, za a ga 'yan tsakuwoyi uku ƙanana, kowace ba ta wuce ƙwayar dawa ba. A kansu ƙwallon yake zaune, kamar tukunya a kan duwatsun murhu. Ba sa juyawa, ƙwallon ne ke zamewa a kansu. Ana yin su da tangaram mai tauri ko yakutun da aka haɗa a masana'anta, kamar yadda Elecom ke sa wa Huge da Deft Pro.

Irin wannan zama ba ya ƙara, kuma ƙwallon yana tafiya kowace fuska daidai. Matsalarsa ita ce cijewar farko. Idan ƙwallon ya tsaya cak, aka so a motsa shi ɗan kaɗan, sai ya ɗan riƙe, a ƙara ƙarfi, ya saki gaba ɗaya, kibiya ta wuce inda ake so. Mai karanta labarai a intanet ba zai damu ba. Mai rubuta manhaja da ke son sa kibiya tsakanin baka da waƙafi, ko mai zanen gini, zai ji abin har ransa. Cijewar takan ragu bayan an yi amfani da na'urar na ɗan lokaci, kuma ta bambanta daga wannan na'ura zuwa waccan ko da samfurinsu ɗaya. Akwai masu cire tsakuwoyin su sa na tangaram da suka saya daban, amma wannan aikin masu sukurdireba da haƙuri ne.

Ɗaya hanyar ita ce a ɗora ƙwallon a kan boris ko 'yan sandunan ƙarfe masu juyawa. Haka L-Trac yake, mai ƙwallo kimanin milimita 57, haka kuma mafi yawan na Ploopy, wani ƙaramin kamfani a Kanada. Waɗannan ba sa cijewa sosai, taɓawa kaɗan sun motsa. Amma suna da ɗan gurnani da ake ji a kunne da yatsa, wanda a ɗaki mai shiru da dare zai iya damun na kusa. Samunsu a shagunan gida kuma da wuya, sai an yi odarsu daga waje.

Lambar DPI da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali, wato yawan tazarar da kibiya ke ci idan ƙwallon ya juya inci ɗaya, ba ta kai wannan muhimmanci ba. Duk samfuran da aka ambata a nan suna da abin da ya ishi aikin ofis. Ƙwallo mai santsi da DPI 1000 ya fi mai cijewa da 4000.

Gangara shafi da madannin tsakiya

Mutum yakan manta yawan gangara shafin da yake yi a rana sai ranar da ya rasa taya. Na babban yatsa ba su da wannan matsala, tayarsu tana inda aka saba. A na sauran yatsu ne ake samun bambanci. Expert Mouse da Orbit mai zobe suna da zobe da ya kewaye ƙwallon, ana juya shi da yatsa kamar murfin kwalba. SlimBlade ba shi da zobe, ƙwallon kansa ake murɗawa, na'urar ta gane cewa gangarawa ake nufi. Hanya ce mai daɗi idan an saba, ko da yake da farko kibiya takan ɗan gusa yayin murɗawar. Elecom ya sa tayar a gefe, ƙarƙashin babban yatsa. Trackman Marble kuwa, duk da ƙarkonsa, ba shi da taya ko zobe sam. A Linux ana iya saita shi ta yadda idan aka riƙe ɗaya daga cikin ƙananan madannansa aka juya ƙwallon, shafi ya gangara, kuma masu yin haka ba sa son komawa taya. A Windows sai an nemi wata manhaja ta daban. Wanda bai shirya wa wannan ba, kada ya saye shi.

Madannin tsakiya ma abin dubawa ne. Da shi ake buɗe mahaɗi a sabon shafi a burauza, da shi ake jan zane a AutoCAD, ake juya siffa a Blender, ake liƙa rubutu a Linux. Orbit mai zobe madannai biyu kawai gare shi, sai an saita danna biyun tare ya zama na tsakiya, kuma riƙe biyu ana juya ƙwallo ba aikin da za a so a yi sau ɗari a rana ba ne.

A nan akwai wani tarko da ya shafi masu aiki a kwamfutar da ba tasu ba. Saitin madannai na Kensington a manhajar KensingtonWorks ake yinsa, na Logitech a Logi Options+, kuma yawancin saitin a kwamfutar yake zama ba a na'urar ba. Idan aka kai ta ofis inda ba a yarda ma'aikaci ya ɗora manhaja ba, sai ta koma yadda ta fito daga kwali. Manhajojin biyu kuma na Windows da macOS ne. Masu Linux sukan dogara da Solaar don na'urorin Logitech, wadda masu sa kai suka rubuta. Ploopy ya kauce wa wannan duka saboda yana aiki da QMK, buɗaɗɗiyar manhaja da ke zaune a cikin na'urar kanta, duk inda aka jona ta saitinta yana biye da ita.

Samfuran da aka fi cin karo da su

M575, wanda ya fito a 2020 ya gaji M570 na 2010, shi ne ƙofar shiga ga yawancin mutane. Madannai biyar, batir AA guda ɗaya irin na agogon bango, yana jonuwa ta Bluetooth ko ta ɗan makalen USB. Kamfanin ya ce batirin zai iya kai wata 24 idan da makalen ake amfani. Ramin da ke ƙarƙashinsa yana da faɗin da yatsa zai tura ƙwallon ya fito. An fito da shi a kan kimanin dala 50.

MX Ergo na 2017 an fito da shi ne a kan ninkin wannan kuɗin, kimanin dala 100, kuma ƙwallonsu girma ɗaya. Abin da ƙarin kuɗin ya saya shi ne faifan ƙarfe mai maganaɗisu a ƙasa da ke karkata na'urar da digiri 20, ta yadda hannu zai zauna kamar ana shirin gaisawa maimakon a kife, da ɗan madanni kusa da ƙwallon mai rage gudun kibiya don aikin tsanaki, da iya sauyawa tsakanin kwamfuta biyu. Karkatar tana da amfani na gaske ga wanda kifa hannu ke gajiyar da shi. Batirinsa na ciki ne da ake caji, na farko da micro-USB, MX Ergo S na 2024 kuma da USB-C. Cire ƙwallonsa sai an ɗaga faifan an zura biro. Wanda bai damu da karkatar ba, M575 zai yi masa kusan duk aikin da rabin kuɗi.

A ɗaya gidan, Expert Mouse tsohon hannu ne: ƙwallo milimita 55, manyan madannai huɗu, da zobe. Aibinsa tudu. Gabansa ya fi bayansa tsawo, don haka wuyan hannu yakan lanƙwashe sama, abin da aka gudo dominsa. Yana zuwa da matashin ɗora hannu, kuma bai kamata a ajiye matashin a kwali ba. SlimBlade girman ƙwallonsu ɗaya amma ya fi kwanciya ƙasa, ya fi dacewa da tebur mai tsawo. Elecom Huge, mai ƙwallo milimita 52 da madannai takwas da matashi a jikinsa, sunansa bai yi ƙarya ba. Mai ƙaramin hannu zai riƙa miƙewa kafin ya kai wasu madannan, shi Deft Pro mai milimita 44 ya fi dacewa da shi, ga shi yana karɓar waya da makale da Bluetooth duka.

Game da waya ko batir, lissafin tirakbol daban yake da na maus. Wayar maus tana damun mutum ne saboda ana jan ta. Tirakbol ba ya motsi, don haka wayarsa ba ta tare wa kowa hanya. Wanda zai ajiye shi a tebur ɗaya, mai waya ya fi masa: ya fi arha, babu caji, babu makalen da zai ɓata. Wanda zai riƙa yawo da shi, mai batir AA ya fi kwanciyar hankali a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, tunda kowane mai tireda yana sayar da batirin, kuma batirin ciki da ake caji yana tsufa, sauya shi kuma ba kowa zai iya ba.

Ƙura

Abin da ya faru da ƙwallon BlackBerry yana faruwa da babban ma. Yatsu suna ɗauke da gumi da maiƙo, ƙwallon ya kwashe su ya kai kan tsakuwoyin nan uku, ƙura ta haɗu da su ta zama wani baƙin danƙo. Alamar ita ce ƙwallon ya yi nauyi ko kibiya ta riƙa tsalle. A lokacin hunturu abin ya fi sauri, ga ƙurar da ke shiga ko'ina, ga man da ake shafawa a hannu saboda kaushi.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. A tura ƙwallon ya fito, a goge tsakuwoyin da ƙyalle mai laushi ko tsinken auduga, a hure ramin idon, a goge ƙwallon a mayar. A lokacin ƙura a yi haka duk bayan kwana biyu ko uku, a kuma rufe na'urar da hankici idan an tashi. Kada a ɗiga masa man keken ɗinki ko basilin, ƙura kawai za su tara. Wani abin mamaki shi ne, ƙwallon da aka wanke tas da sabulu ya fi cijewa, domin ɗan maiƙon fata shi ne man da yake gudu da shi. Masu amfani da shi sukan goga shi a goshi ko gefen hanci kafin su mayar, kuma dabarar tana aiki. A kula da yara ma. Jan ƙwallo mai sheƙi abin wasa ne a idonsu, na wasu samfuran kuma kifa na'urar kawai ake yi ya faɗo. Idan ya bugu da siminti ya sami tabo, duk juyin da tabon ya bi ta kan tsakuwa za a ji shi.

Makon farko

Mafi yawan waɗanda suka ce tirakbol bai yi ba, a kwana biyun farko suka yanke hukunci. Ana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin hannu ya daina tunani, musamman a na sauran yatsu. Hanya mafi sauri ita ce a ɗauke maus daga teburin gaba ɗaya, domin muddin yana kusa hannu zai koma gare shi duk lokacin da aiki ya yi zafi. Don haka ba a fara koyo a makon da ake da aikin gaggawa da za a miƙa.

Saiti biyu suna rage wahalar. Na farko, a rage gudun kibiya ƙasa da yadda aka saba, a kuma bar saurin da ke ƙaruwa da motsi a kunne, wanda a Windows aka rubuta masa Enhance pointer precision. Masu wasan kwamfuta sukan kashe shi a maus, amma a tirakbol shi ke sa juyi a hankali ya ba da tsanaki, wulwulawa kuma ta kai kibiya ƙarshen fuska. Na biyu ya shafi ja da ajiyewa, wanda shi ne abu mafi wuya ga sabon shiga, tunda sai an riƙe madanni da yatsa ɗaya ana juya ƙwallo da wani. A saitin maus na Windows akwai ClickLock: a danna a ɗan riƙe, ya kulle, a saki madannin a kai abin inda ake so, a sake dannawa ya saki.

Akwai ayyukan da maus ya ci gaba da fin sa. Wasannin harbi masu sauri na daga ciki, domin yawancin tirakbol na ofis suna aika wa kwamfuta rahoton motsi sau 125 a daƙiƙa, alhali maus na wasa yana kai 1000. Zanen hannu kuma alƙalamin zane ya fi su duka biyun. Kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, kamar ta shagon intanet ko ɗakin jarrabawa, ba wurin tirakbol ba ce, kowane baƙo sai ya tsaya yana lalube.

Wajen saye

Tirakbol ba kayan da ake samu a kowane shago ba ne. Ko a manyan kasuwannin kwamfuta irin su Computer Village a Ikeja ko Banex a Abuja, sai an yi tambaya, kuma na Logitech aka fi gani. Sauran galibi oda ake yi daga waje, ga kuɗin dako, ga shi mayarwa idan bai dace da hannu ba kusan ba ta yiwuwa. Saboda haka kafin a biya, a duba tsawo da faɗin na'urar a shafin kamfanin, a zana su a takarda, a ɗora hannu a gani. Idan akwai aboki mai irinsa, aron yini ɗaya ya fi kallon bidiyo goma.

Na hannu yakan shigo cikin kayan gwanjo da sauƙin kuɗi, kuma yana iya zama ciniki mai kyau idan an duba shi a gaban mai sayarwa. A cire ƙwallon a juya shi a haske a nemi tabo ko karce. A leƙa tsakuwoyin uku a tabbatar duk suna nan kuma kansu bai lafe ba. A jona shi a buɗe shafin rubutu, a danna madannin hagu a riƙe, a ja kan layuka da yawa: idan zaɓen yana yankewa shi kaɗai, ko danna ɗaya yana zama biyu, makunnin ciki ya gaji, sai mai gyara ya sauya shi da dalma. Idan mara waya ne a tambayi makalen USB ɗinsa, a kuma buɗe gidan batir, domin a nan ake ɓoye shi a M570 da M575. M570 ba shi da Bluetooth, idan babu makalen sai an sayi wani na Unifying daban, don haka a cire kuɗinsa daga farashin tun a wajen ciniki.